Intabiyun da Na Yi da Bakin Wani

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, ina roƙonsa ya tsare alƙalamina daga ƙari, domin har yau idan na tuna shekarar nan sai na ji ƙirjina ya ɗauki zafi. Ku 'ya'yana kun taso kuna jin labari guda a gidajen biki da na ta'aziyya, daga Daura har Baure: wai aikin Abuja ya zo ya sami Isiyaku har gida, girman kai ya sa ya yi fatali da shi, ya kuma kunyata ɗan mutumin da ya nufe shi da alheri. Na daɗe ina shiru, saboda ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma na lura shirun nawa ya fara zama shaida a kaina, har a cikin gidana. To ga yadda aka yi, da inda na yi daidai da inda na yi abin kunya.

Shekara ashirin da huɗu na yi a Kano ina kula da manyan kwamfutocin wani kamfani, waɗanda muke kira saba, wato waɗanda duk sauran kwamfutocin ofis suke dogara da su. Ni na fito da su daga kwali, ni na ɗaure su, ni na ja musu waya. Daga ƙarar fanka nake gane wadda ta kusa kwanciya. Ran nan aka tara mu, wani matashi da aka ɗauko daga Legas ya ce kamfani zai koma girgije. Girgijen nan da kuke ji ba wani abin al'ajabi ba ne, kwamfutocin wasu ne a wata ƙasa, kai kuma kana haya ta intanet. Na ɗaga hannu a gaban kowa na ce a tura ni in koyo, ni zan kwashe kayan da hannuna tunda na san inda kowane abu yake. Ya dube ni yana murmushi irin wanda ake yi wa yaro.

"Baba, ai ku kun yi naku. A bar wa na baya."

Ba a cika wata biyu ba aka miƙo mini takardar sallama da agogon bango a cikin kwali. Shekaruna hamsin da uku, idona garau, hannuna ba ya rawa. Muka tattara muka dawo Daura gab da faɗuwar damina, muka sauka a sashenmu na gidan gado.

Babban wana, Baffanku Mamman, ya riga ya shirya mini rayuwa tun kafin in sauke kaya. Shi fataucin shanu yake yi tsakanin kasuwar Babban Mutum da kasuwannin kudu, yana so in riƙa binsa, in kuma kama gonar mahaifinmu ta hanyar Sandamu. Gonar na kama, na shuka gero da wake. Amma na ce masa sana'ata ba ta mutu ba, salo ta canza, kuma zan koyi sabon salon. Ya kwashe da dariya har hularsa ta karkace.

"Girgije? Ai mu ma shi muke jira tun watan jiya. In ka hau ka ce masa ya biyo ta Baure. Haba Isiyaku, da furfurarka za ka zauna haddar jarrabawa kamar ɗan sakandare?"

Na ce masa gemu ba ya hana ilimi. Ya ce amma yana hana a ɗauke ka aiki. Na ji haushin maganar ƙwarai, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne daga baya na gane bai yi ƙarya ba.

Bari in gaya muku abin da na zauna koyo, don kada ku zaci wasa nake da kwamfuta a lokacin da kuke ganina a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. A da, in ana son saba goma, sai mutum ya ɗauko su ya haɗa ɗaya bayan ɗaya. Yanzu rubutawa ake yi. Ka buɗe fayil ka rubuta cewa kana son saba kaza, da rumbun ajiye bayanai, da ƙofofi kaza, wane ya shiga wane kada ya shiga. Sai ka miƙa wa wata manhaja rubutun. Ita kuma kafin ta taɓa komai sai ta jero maka abin da take shirin yi: wannan zan gina, wannan zan gyara, wannan zan rushe. In ka amince ta aiwatar, ta kuma ajiye rajistar duk abin da ta gina. Gwanintar duka tana wurin karanta wannan jerin kafin ka ce to, da kuma tsare rajistar. Cikin mako uku na gane cewa aikina ne na shekara ashirin da huɗu, sukurudireba kawai aka ɗauke aka ba ni alƙalami. Wannan ya ƙara tunzura ni. Ashe abin da aka kore ni a kansa bai fi ƙarfina ba, tambayata ce ba a yi ba.

Kullum daga sallar asuba zuwa hantsi ina kan karatu, kafin in tafi gona. Na sayi littafin rubutu mai kauri na cika shi da tambayoyin da ake yi wa masu neman irin wannan aiki. Mahaifiyarku Hajara, da yake malamar firamare ce tana jin Turanci, ita ta zama mai yi mini intabiyu. Tana tsintar shinkafa a faifai, littafin yana kan cinyarta, tana jefo mini tambaya ba sassauci.

"Malam, mutum biyu sun taɓa rajista a lokaci guda. Me zai faru?"

In na fara dogon bayani sai ta ɗaga hannu.

"Ka cika zagaye-zagaye. Kuma ka manta makulli. Jiya ka ce sai an kulle rajistar kafin a shiga, yau ina makullin?"

Matar da ba ta taɓa ganin saba da idonta ba, kafin gero ya yi bununi ta san bambancin gyara da rushewa fiye da wasu masu digiri. Allah ya saka mata da alheri, ba ta taɓa yi mini dariya ba ko sau ɗaya.

Na aika takardun neman aiki har na daina ƙirgawa. Yawancinsu ko amsa babu. Waɗanda suka kira ni kuwa, muddin ta waya ne, hira takan yi daɗi, har a ce mini madalla. Amma da zarar an ce in kunna kyamara, sai in ga fuskoki sun canza. Wani yaro da bai kai Auwalu ɗana na fari ba ya tambaye ni ko zan iya jure saurin aikinsu. Na ce ya gwada ni da kowace tambaya. Bai yi ba, sai ya ce za su neme ni. Wasu kuma suka ba ni aikin gwaji, na kwana bakwai ina tsara musu shi tsaf, na aika, suka yi godiya suka ɓace. Ba faɗuwa ce ta dame ni ba, ni ɗan makaranta ne, na san faɗuwa. Abin da ya ci mini rai shi ne ba a bari na kai ga faɗuwar ba. Gemuna ake yi wa intabiyu, ba ni ba.

Ana cikin haka, wajen kaka, Alhaji Sabo ya zo gida daga Abuja. Tare muka yi firamare, benci ɗaya, kuma shi ne babban mai sayen shanun Baffanku. Ya aiko in je. Na same shi a falonsa, ya tarbe ni hannu biyu-biyu, aka kawo fura mai sanyi. Ya ce ya ji halin da nake ciki, kuma Allah ya kawo mafita. Kamfaninsa yana neman kwangilar kwashe bayanan 'yan fansho na wata hukuma zuwa girgije. Sharaɗin masu ba da kwangilar shi ne babban injiniyan aikin ya zauna intabiyu da kwamitinsu ta bidiyo. Na ce a shirye nake ko gobe ne. Sai ya gyara zama.

"To, ai nan ne 'yar matsalar. Sunan Kamalu na sa a takarda. Ka san shi da digirin waje, kuma irin su ake so a gani. Kai za ka zauna a gefe inda kyamara ba ta kai ba, kana rubuta masa amsa yana karantawa. In an samu aikin, kai za ka yi shi gaba ɗaya, albashinka ya ninka na Kano. Suna ne kawai, Isiyaku. Suna ake ci?"

Kamalu ɗansa ne, shekararsa ashirin da shida. A nan ne ya kamata in tashi, kuma ban tashi ba. Wannan shi ne abin kunyar da na ce zan faɗa muku. Na ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan, muka yi dariya tare, na ce a ba ni kwana biyu. Na dawo gida ina lissafin 'yar'uwarku Safiya, wadda ta sami gurbin jami'a a shekarar, da ku ƙananan da ke bayanta. Na gaya wa mahaifiyarku. Sai ta rufe littafin tambayoyin ta ajiye mini a gabana.

"Ni dai ba don wannan na yi wata biyar ina yi maka tambaya ba. Amma kai ne mai gida."

Na yaudari kaina da cewa zan koya wa Kamalu sosai har ya amsa da kansa, ni in zama kariya kawai. Mako biyu ina zuwa gidansu kullum bayan azahar. Ba daƙiƙi ba ne, kuma yana da ladabi, Baba yake ce mini, ya kan tashi ya ba ni kujera. Amma bai taɓa ɗanɗana zafin lalacewar aiki ba, saboda haka ba ya tsoro. Wata rana na gina masa wurin gwaji, na ce ya canza abu ɗaya. Manhaja ta jero abin da za ta yi, a ciki har da rushe rumbun bayanai, rubutu ja ƙarara. Bai karanta ba, ya danna amincewa yana duba wayarsa. Komai ya tafi. Na ce masa da na gaske ne, yau tsofaffi dubbai sun wayi gari ba sunansu a ko'ina, mutanen da suka ƙare ƙarfinsu a aiki. Ya ce:

"Ai shi ya sa kake nan, Baba."

Ranar intabiyu da hantsi aka shirya falon. Kamalu ya sa kwat ya zauna gaban kyamara. Aka jingina wani ƙaramin allo daidai ƙarƙashinta, inda duk abin da na rubuta a kwamfutata zai fito masa. Ni kuma aka ajiye mini kujera a lungu, bayan labulen taga, kusa da inda ake ajiye takalma. Alhaji yana tsaye bakin ƙofa yana jan carbi. Mutum uku ne a kwamitin, shugabarsu wata mace mai kaifin murya. Bayan gaisuwa ta ce:

"Ka yi ɗan ƙaramin canji, sai manhaja ta nuna maka za ta rushe rumbun bayanai ta gina sabo. Shugabanka yana tsaye a kanka yana cewa ka yi sauri. Me za ka yi?"

Wallahi yatsuna ne suka riga ni. Wata biyar ina jiran wani ya yi mini tambaya irin wannan. Na rubuta cewa ba zan danna ba ko wa ke tsaye. Zan fara gano abin da ya sa take son rushewa. Zan ɗauki kwafin bayanan, in kuma gwada dawo da shi a wani wuri, domin kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, ba kwafi ba ne, fata ne kawai. Zan sa wa rumbun kariyar da za ta hana a rushe shi bisa kuskure, sannan in gaya wa shugaban a rubuce dalilin jinkirin. Wannan maganar ta kwafi ba a littafi na samo ta ba. Na samo ta ne wata ranar Talata a Kano, ina da shekara talatin da biyu, ranar da na kusa rasa aikina, na yi kwana uku ina tattaro bayanan mutane ɗaya bayan ɗaya. Kamalu ya karanta ta da kyakkyawan Turancinsa, har da ɗan jinkiri kamar mai tunani. Sai na ji matar ta ce:

"Tun safe ba mu ji amsa irin wannan ba. Wannan maganar wanda ya taɓa ƙonewa ce. Shekarunka nawa?"

Ya faɗa mata. Ta yi dariyar jin daɗi.

"Ka gani ko? Irinku matasa muke nema. Tsofaffin hannun nan ba sa iya wannan tunanin."

Ba zan yi muku ƙarya in ce tsoron Allah ne ya fara tashe ni ba. Da shi ne, da tun ranar fura na tashi. Fushi ne. Ga ni a lungun takalma, an yabi shekaruna ashirin da huɗu a bakin wanda bai san zafinsu ba, an kuma zage ni da amsata. Bayan fushin ne tunanin tsofaffin nan ya zo, na ce yau in na ci gaba, na sa hannu an damƙa sunayensu ga wanda ba ya karanta jan rubutu, kuma ranar da na kwanta ciwo ko muka saɓa da Alhaji, shi ke nan. Ta fara tambaya ta biyu. Na rufe kwamfutata a hankali, na sa ta a jaka, na ɗauki takalmina da ke gefena, na bi ta gaban Alhaji na fita. Ina jin Kamalu a bayana yana cewa a maimaita masa tambayar.

Alhaji ya cim mini a bakin gareji, yana magana ƙasa-ƙasa don kada a ji a ciki.

"Isiyaku, ka haukace ne? Koma ka zauna! Ni za ka tozarta a cikin gidana?"

Na ce: "Alhaji, ka shiga ka ce musu ga mai amsar nan, a juyo da kyamara. In sun ƙi ni, na yafe. In sun karɓa, zan yi maka aikin da rabin abin da ka ce."

"Kai wa zai ɗauka? Dubi kanka fa!"

Na ce na duba, na gode. Na tako da ƙafa har gida, ko ɗan acaɓa ban tsayar ba.

Ba su sami kwangilar ba. Kafin sallar la'asar labari ya zaga gari, amma ba labulen a cikinsa, ba ƙaramin allon. Abin da aka ce shi ne an ɗauke ni in taimaka wa yaro, hassada ta sa na watsar da shi a tsakiyar ruwa. Alhaji ya daina sayen shanun Baffanku. Baffanku ya shigo gidan nan ya tsaya tsakar gida ko zama bai yi ba.

"Ka kashe mini ciniki na shekara goma saboda me? Saboda ba a kira sunanka ba? Sunan naka sarauta ce?"

Na buɗe baki zan faɗi komai, mahaifiyarku ta girgiza mini kai daga ƙofar kicin. Daga baya ta ce in na faɗa, Kamalu ba zai ƙara samun aiki a ko'ina ba, alhali ubansa ne ya ɗora shi, kuma ni ma sai an tambaye ni abin da ya kai ni bayan labulen. Gaskiya ta faɗa ta kowane ɓangare. Na haɗiye. Baffanku ya yi kusan shekara ba ya amsa mini fiye da sallama.

Aikin da na samu daga baya ya zo ne bayan wata tara, a wani ƙaramin kamfani da ke yi wa asibitoci hidima, daga gida nake yi. Wanda ya yi mini intabiyu ya ce in kunna kyamara, na kunna ina jiran abin da na saba gani. Bai ko ƙifta ba, ya ci gaba da tambaya har awa guda da rabi. Akwai wadda ban sani ba, na ce ban sani ba, amma ga yadda zan nemo. Mahaifiyarku tana waje tana korar awaki da tsintsiya don kada su yi kuka a bakin taga. Albashin bai kai rabin na Alhaji ba, kuma har yau da shi muke ci.

Amma wata taran nan sun yi tsada, kuma ba ni na fi kowa jin tsadar ba. Gurbin Safiya ya wuce, ƙawayenta suka tafi, ita ta zauna gida shekara guda tana taya mahaifiyarta duba littattafan 'yan aji uku. Ranar da motar ƙawayen nata ta tashi, ta kawo mini ruwan alwala a buta, ba ta tafi ba. Ta tsaya kanta a sunkuye, ta ce:

"Baba, da gaske ne abin da ake cewa? Don ba a sa sunanka ba ne?"

Na ce mata je ki, wata rana za ki ji. Ta tafi, kuma ba ta ƙara tambaya ba, har ta yi karatunta ta gama, ta yi aure.

Safiya, amsarki ke nan, ta makara. E, akwai sunan a ciki, ba zan wanke kaina ba. Na ji zafin a ce ba ni nan alhali ina nan. Amma da na koma na zauna a lungun nan, da kuɗin makarantarki ya fito daga aikin da aka samu da ƙarya, kuma da kullum kika kira ni Baba sai na tuna kujerar da ke kusa da takalma. Shekararki ɗaya na ɗauka ban shawarce ki ba, na kashe ta a kan abin da nake ganin daidai ne. Ba zan iya mayar miki da ita ba. Ban yi nadamar fitowa daga falon nan ba, na yi nadamar shigarsa, kuma na yi nadamar barin ki tsaye da buta a gabana ba amsa. Wannan na ƙarshen ki yafe mini.